Tafintan da Ke Cikin Wayar Ɗanki



Idan kina da yaro da ya haura shekara goma sha biyu, kuma akwai babbar waya a gidan, ina kyautata zaton a cikinta akwai wata manhaja mai shuɗiyar alama da aka rubuta PPSSPP a ƙarƙashinta. Yaran ba sa wahalar da bakinsu da haruffan nan shida, "PSP" kawai suke cewa. Ita ce take sa ki kira yaro sau uku kafin ya amsa, ita ce kuma take shanye cajin da kika biya kuɗi aka yi miki. Yawancinmu ɗayan biyu muke yi a kanta, ko mu ƙwace wayar da faɗa, ko mu kawar da kai tunda dai yaron yana gida. Ni ma'aikaciyar jinya ce, gidanmu yana Batsari, aikina yana ƙasar Safana, kuma na ga wannan abu a tsakar gida, na gan shi a ɗakin duba marasa lafiya. Ina so in gaya miki abin da ke cikinsa tukuna, sannan ki yanke hukuncinki.

Wasannin da yaran nan suke bugawa ba don waya aka yi su ba. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fitar da wata 'yar na'urar wasa ta riƙewa a hannu mai suna PSP a ƙarshen 2004. An sayar da sama da miliyan 70 a duniya, sannan aka daina ƙera ta a 2014. Ban taɓa ganin ta a hannun wani yaro a unguwarmu ba, amma wasanninta sun cika wayoyin Tecno da Infinix da itel daga Batsari har Runka. Abin mamakin shi ne ƙwaƙwalwar PSP daban take da ta wayar Android. Umarnin da aka rubuta wa waccan, wannan ba ta jin sa ko kaɗan. Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Henrik Rydgård ne ya rubuta PPSSPP, ya sake ta kyauta a 2012, kuma aikinta shi ne ta kwaikwayi PSP ɗungurungum a cikin waya, ta karɓi kowane umarni na wasan ta juya shi zuwa yaren da wayar ke ji.

Wannan aiki na san shi, don ina yin sa. Akan turo mana likita mai bautar ƙasa daga kudu wanda bai jin Hausa. Sai a kawo tsohuwa daga ruga wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ta yi bayani da Fulatanci, wata abokiyar aikinmu ta mayar mini da Hausa, ni in mayar wa likita da Turanci, amsarsa kuma ta biyo hanyar ta koma. Duba mara lafiya na minti biyar sai ya ci minti ashirin, kowa ya gaji, wata kalmar ma ta faɗi a hanya. Haka wayar ɗanki take fama. Shi ya sa take zafi kamar an ɗauko ta daga murhu, batir ya zube da wuri, hoton ya riƙa sarƙewa, murya ta riƙa kakkaryewa. Idan kika ga yaro ya shiga saiti yana taɓe-taɓe kafin ya fara wasa, nauyi yake rage wa tafinta: ya rage kyawun hoto, ya ce a riƙa tsallake wasu hotunan, har abin ya tafi daidai.

Ga wani abu da za ki iya ba shi mamaki da shi. Idan ya ce miki ƙwallon da yake bugawa "PES ɗin bana" ne, ki gaya masa na ƙarshe da kamfanin Konami ya yi wa PSP shi ne PES 2014. Duk wanda ya zo bayansa da sabuwar shekara a jikinsa, tsohon wasa ne wasu matasa masu basira a ƙasashe daban-daban suka buɗe cikinsa, suka canza riguna da sunaye da fuskokin 'yan wasa. Tsohuwar mota ce aka yi wa sabon fenti, kuma tana tafiya.

Yadda abin ya samu gindin zama a wajenmu yana da nasa tarihi, kuma ba mai daɗi ba ne. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu. Duk wanda ke karanta labarai ya san abin da hakan yake nufi. A watan Fabrairun 2020 aka kai hari Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari aka kashe mutane kusan talatin. A watan Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Mutanen ƙauyuka da yawa suka baro gidajensu suka dawo cikin gari, wasu a gidajen 'yan uwa, wasu a azuzuwan makaranta. Yayata da 'ya'yanta biyar suna cikin waɗanda suka dawo gidanmu a wannan shekara. Babban ɗanta yana da shekara goma sha huɗu a lokacin, yaron da ya saba tun asuba yana gona ko yana bayan shanun huɗa.

Ki yi tunanin yaro irin wannan a ce ba gona, ba kiwo, ba zuwa itace, filin ƙwallon da ke bayan gari ma iyaye sun hana zuwa da yamma. Sai kuma a watan Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyun, don a toshe hanyar sadarwar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Aka hana sana'ar cajin waya, aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Sai bayan watanni sabis ya dawo mana. A watannin nan ba kira, ba WhatsApp, ba Facebook. Wayar da ke hannun babba ta koma fitila da agogo. Ta hannun yaro kuwa ba ta mutu ba, domin PPSSPP ba ta buƙatar intanet. Wanda ya je Katsina ya dawo da wasa ɗaya a memori, kafin kwana biyu ya zagaye unguwa ta Xender. Suka kuma gano cewa idan ɗaya ya kunna wayarsa ta zama mahaɗa, sauran za su iya shiga su kara da juna ba tare da sabis ba. 'Yar solar da muke kunna fitila da ita a gida ta zama abin layi.

Na sha tsayawa a bakin zaure ina kallon su, su shida ko bakwai sun haɗa kai a kan waya biyu, ana gardama a kan wa zai ɗauki Barcelona. Na san inda wasu sa'anninsu suke a daidai wannan lokaci. Wasu suna kangon da ake shaye-shaye, don mu ake kawo wa su idan ƙwaya ta juya musu kai. Wasu kuma an fara ruɗin su da 'yan kuɗi don su riƙa kai labarin wanda ya sayar da sa ko wanda ya dawo daga tafiya. Zaman banza a wuri irin namu ba ƙaramin haɗari ba ne. Don haka idan wani daga nesa ya ce mini gem ɓata lokaci ne kawai, nakan tambaye shi: da me zai cike wa yaran nan lokacin?

Labarin bai tsaya a waya ba. Ina da wata tsohuwar laftof 'yar gwanjo da na saya don karatun ƙarin ilimi da ɗan rubuce-rubucen nan nawa. Ta tsufa har ta kai idan na kunna ta sai in ɗora ruwan shayi kafin ta gama buɗewa. Wani ƙanen ƙawata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya duba ta, ya ce Windows ce ta yi mata nauyi, ya zo da filas ya sa mata Linux Mint. Ta dawo da ƙarfinta kamar an yi mata ƙarin jini.

Bari in ɗan yi bayani a nan. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wato wadda duk sauran manhajoji suke zaune a ƙarƙashinta. Kamar uwargida ce mai riƙe da makullin sito: mai son sauti ita zai roƙa, mai son zana hoto a fuskar kwamfuta ita zai roƙa, mai son ajiye wani abu ita zai roƙa. Windows ta kamfanin Microsoft ce, ita muka fi sani. Linux kuwa wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, dubban mutane suka taru suna gina ta, kuma kyauta ce, ba sata ba ce in kin kwafa kin ba wani. Wayar Android da ke hannunki ma a kan tushen Linux aka gina ta. Maganar ta ƙara muhimmanci yanzu, domin tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba, Windows 11 kuma ba ta yarda da tsofaffin kwamfutoci. Galibin laftof ɗin da talaka zai iya saye a Katsina, ko a Farm Centre da titin Beirut a Kano, irin waɗannan tsofaffin ne.

Matsalar ita ce yawancin wasannin kwamfuta don Windows aka rubuta su. Da ɗan yayata ya samo wani tsohon wasan ƙwallo a filas ya danna, ko motsi bai yi ba. Uwargidan da ya tarar ba ta jin yaren da wasan ke roƙo da shi. A nan ne ɗalibin nan ya nuna masa wata manhaja mai suna Wine. An fara ta tun 1993, kuma sai a 2008, bayan shekara 15 ana aiki, masu ita suka ce ta kai matsayin fitowa ta farko cikakkiya. Aikinta ya bambanta da na PPSSPP. Tunda ƙwaƙwalwar laftof ɗin iri ɗaya ce ko da Windows ko da Linux, ba sai an kwaikwayi na'ura ba. Wine tana tsayawa ne a bakin ƙofa kawai, duk abin da wasan ya roƙa da yaren Windows ta faɗa wa Linux da nata yaren. Tafinta ɗaya ke nan maimakon biyu, shi ya sa ba ta cika jawo nauyi ba.

Sunan ya tayar da ƙura a gidanmu. Alamar manhajar kofin gilashi ce da jan abu a ciki, wata jikar Hajiyarmu kuma mai ɗan Turanci ta je ta fesa mata ma'anar kalmar. Hajiya ta leƙo ɗaki ta ce, "Kai maigidan, mi nake ji? Giya ka shigo mana da ita?" Yaron ya yi ta rantsuwa yana bayani cewa sunan taƙaitawa ce ta wata jimlar Turanci mai nufin "wannan ba makwaikwayi ba ne". Ta saurare shi tsaf, ta ce, "Duk sunayen duniya su rasa na sawa sai wannan?" Ta fita tana Allah wadai. Ban ga laifinta ba, ki ma sani tun yanzu don kada ki ci karo da alamar ki ɗaga hankalinki.

Sati uku ya yi kafin wasan nan ya tashi. Ranar farko fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Da hoto ya fito, sauti ya ƙi. Da sauti ya zo, 'yan wasan suka riƙa gudu kamar a cikin ruwa. Ya ware wani tsohon littafin rubutu yana kwafe duk saƙon da kwamfutar ta nuna, ya ɗauko ƙamus yana neman ma'anar kalmomin, in na sa data ya roƙi minti goma ya bincika. Wata rana ya ce mini, "Anti, ashe in ya ƙi yana faɗin dalili, karantawa ce ba mu yi." Na lura kuma ya daina canza saiti uku a lokaci guda. Sai ya canza ɗaya ya gwada, ya rubuta abin da ya faru, sannan ya taɓa na gaba. Wannan ita ce ƙa'idar da aka koya mana a makarantar jinya: ki saurari abin da jiki ke faɗi, ki rubuta, kada ki ɗura magani uku a tare ki rasa wanda ya yi aiki. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Son ya ga ƙwallo ta shiga raga ne ya ja shi.

Kada ki ɗauka wannan dabara ce ta talakawa kawai. Kamfanin Valve na Amurka, mai babbar kasuwar wasanni ta Steam, ya ɗauki Wine ya ƙara mata ƙarfi ya fitar da Proton a 2018. A 2022 ya fito da na'urar wasa mai suna Steam Deck wadda Linux ce a cikinta, amma tana buga dubban wasannin Windows ta hanyar wannan tafinta. Akwai ma Winlator, wadda ke ƙoƙarin buga wasannin Windows a wayar Android, sai dai tana son waya mai ƙarfi da ba kowa ke da ita ba. Duk da haka ba kowane wasa ke yarda ba. Irin su Fortnite da Valorant suna da mai gadin hana maguɗi wanda ba ya barin su tashi a Linux. Tsofaffin laftof irin tawa kuma ba su da ƙarfin hoton da sababbin wasanni ke nema. Idan wani ya ce wa ɗanki ya kawo kuɗi zai sa masa kowane wasa a kowace na'ura, cin kuɗinsa zai yi.

Yanzu bari in sa farar rigata in gaya miki ɗaya ɓangaren, don ba zan ɓoye miki ba.

Ana kawo mana samari da ciwon kai da jan ido, uwa ta ce kullum yana gyangyaɗi a islamiyya, ta ba shi maganin zazzaɓi bai ji sauƙi ba. A yi gwajin maleriya a ga babu. Idan na sa uwar ta ɗan fita na tambaye shi ƙarfe nawa yake barci, sai ya sunkuyar da kai ya ce biyu ko uku na dare. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwana yana wasa a cikin bargo ba ya tashi sallar asuba, ba ya fahimtar karatu, ga saurin fushi. Na kuma wanke ƙunar yaron da ya kwana da waya a jikin caji a ƙarƙashin matashi. Aikin tafinta yana dumama waya, caji yana ƙara mata zafi, batirin da ya kumbura kuwa ba abin wasa ba ne. Duk wayar da kika ga bayanta ya ɗago, a daina amfani da ita sai an canza batir.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a 2022. Amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma galibi sai abin ya kai wata 12 a haka. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa nan. Saboda haka ba duk yaron da ke son gem ne mara lafiya ba. Abin dubawa shi ne sallarsa da karatunsa da barcinsa da aiken da kike yi masa. In waɗannan suna nan daram, ki kwantar da hankalinki. In sun fara zubewa, kada ki jira shekara.

Sai maganar irin wasan. Ƙwallo da tseren mota daban, GTA daban. Wasannin GTA da ke yawo a wayoyin yaranmu, masu su da kansu sun rubuta na manya ne, akwai harbi da sata da abubuwan da ba za ki so a gani a gidanki ba. Ban ce gem ne ke mayar da yaro ɗan bindiga ba. Waɗanda suka hana mu barci ba a waya suka koya ba. Amma yaranmu ba kamar na wasu wurare ba ne, da yawansu sun ji ƙarar bindigar gaske, wasu sun kwana a cikin dawa suna ɓoye. Na ga yaron da ƙarar harbi daga wayar yayansa ta sa shi fitsari a wando yana ɗan shekara tara. A gidan da ke da irin waɗannan yara, wasan harbi ba shi da wuri.

Ki kuma kula da hanyar da wasan ke shigowa. Mai tura fina-finai da waƙoƙi a bakin kasuwa shi ne mai tura gem, kuma memorin da ya dawo daga wurinsa ba lallai gem kaɗai ke ciki ba. Ki buɗe ki duba, ko ki sa babban da kika yarda da shi ya duba. Akwai kuma jabun manhajoji masu kama da PPSSPP. Ta gaskiya tana Play Store, kuma ba ruwanta da saƙonninki ko lambobin mutanenki. Duk wadda ta nemi izinin karanta saƙo, a goge ta nan take, musamman in wayar ce ke karɓar saƙon banki. Wine ma, yadda take buɗe wa wasan Windows ƙofa haka za ta iya buɗe wa cutar kwamfuta ta Windows. A ƙarshe, ki saurari kalmar "a sa wani abu". Daga "wanda aka ci shi zai biya caji" ake zarcewa zuwa ajiye kuɗi, daga nan an shiga caca, kuma kin san hukuncinta.

Akwai wata magana da ba a cika yi ba, ta haƙƙi. PPSSPP da Wine da Linux masu su ne suka bayar kyauta, ba nauyin kowa a kanki. Wasannin da ake zubawa a ciki kuwa galibi kwafe su aka yi ba da izinin masu su ba. Mun ga yadda irin wannan ta karya 'yan fim ɗin Hausa da yawa, mutum ya kashe kuɗinsa wani ya riƙa turawa a kan 'yan canji. Na san ba wani shago a Batsari da za ki je ki sayi faifan PSP na asali. Duk da haka ya kamata yaro ya san gaskiyar abin da ke hannunsa, ya kuma san akwai wasannin da aka yi don a raba kyauta. SuperTuxKart tseren mota ne, 0 A.D. na gina gari da dabarun mulki ne, GCompris na ƙananan yara ne mai lissafi da haruffa, Tux Typing kuma yana koyar da buga rubutu. Dukkansu suna tashi a Linux kai tsaye ba tare da tafinta ba.

Ga abin da muka tsayar a gidanmu, ko zai yi miki amfani. Ba wasa sai an yi sallah an gama aikin makaranta da na gida. Bayan isha'i waya da laftof suna kwana a ɗakin Hajiya. Ba a wasa waya tana caji. Duk bayan minti 20 a ɗaga kai a kalli nesa na ɗan lokaci don ido ya huta. Sannan sharaɗin da na fi ba muhimmanci: wanda ya sa wasa ya tashi, sai ya koya wa na ƙasa da shi yadda ya yi, kuma mata suna ciki.

Na nanata maganar mata ne don na ga yadda ake yi. Ƙanwar yaron nan takan tsaya a bayansu tana leƙe, sai a ce ta tafi wanke-wanke. Da aka ba ta awa ɗaya a rana, ƙwallon ma ba ta dame ta ba, Tux Typing ta kama, yanzu ta fi shi saurin rubutu. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta. Jarrabawar shaidar aikin jinya ma yanzu akwai kwamfuta a cikinta. Ɗalibai nawa ne daga ƙauyukanmu suke fara taɓa linzamin kwamfuta a ranar jarrabawa, hannu na rawa, lokaci na tafiya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan yayata ya shiga ɗakin jarrabawarsa ba ya tsoron na'urar da ke gabansa, abin da ya rage tsakaninsa ne da karatunsa. Yau in waya ta rikice a unguwa, ko laftof ɗin wani malami ta ƙi tashi, shi ake aiko wa, har yana samun na sabulu. Ba duk abokan wasansa ne suka bi wannan hanya ba. Wasu har gobe danna wasa kawai suka iya. Bambancin da na gani shi ne wani ya tambaye shi yadda abin yake aiki, ya kuma saurari amsar.

Wannan ne roƙona gare ki. Yau da daddare, kafin ki karɓi wayar ki ajiye, ki zauna kusa da shi ki ce ya nuna miki yadda ya sa wasan ya tashi, daga ina ya samo shi, wane saiti ya canza, me ya sa. In ya iya bayani, kina da yaro mai kai, sai ki nema masa hanyar da zai ƙara, ko wurin mai gyaran waya mai amana ko ajin kwamfuta. In bai iya ba, kin san danne-danne kawai yake yi, sai ki ja linzami. Ta kowace fuska kin san abin da ke gidanki, shi kuma ya san idonki na kansa. Kai ma maigida, ko wasa ɗaya ka karɓa ka buga da shi, ka bari ya ci ka. Abin da zai gaya maka a cikin minti goman nan ba zai faɗa ba in kana tsaye da bulala.

Ina son jin yadda abin yake a gidajenku, musamman iyayen da ke Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da sauran wuraren da suka sha irin abin da muka sha. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanarsu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Katsina da Najeriya baki ɗaya, yaranmu su koma gona da makaranta da filin ƙwallo na gaske ba tare da uwa ta riƙa leƙen hanya ba. Amin.